Iyayen Da Suka Riƙe Gida Da Coci A Samarun Kataf

Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole. Amma akwai wasu gwanaye a Kudancin Jihar Kaduna waɗanda ba a cika jin yabonsu ba sai ranar da aka ɗauki gawarsu, watau tsofaffin matan ɗarikar Katolika, iyaye kuma kakanni, waɗanda aka haifa a tsakanin shekarun 1930 da 1950. A Samarun Kataf, garin nan na ƙasar Atyap da ke mararrabar hanyoyin Zonkwa da Kafanchan da Saminaka, da ƙauyukan da ke kewaye da shi, kullum adadinsu raguwa yake yi. Duk wadda ta kwanta dama kuwa, da wani ɓangare na tarihin ƙasar take tafiya.

Domin a gane matsayin irin wannan uwa, wajibi ne a dubi zamanin da ta tashi a ciki. Limaman mishan na ƙungiyar SMA sun fara kafa sansani a Shendam a 1907. Bayan da layin dogo ya iso Kafanchan a 1927, ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa daga kudu, da yawansu Katolika, suka zauna a garin. Daga nan aikin ya riƙa kutsawa cikin ƙauyukan yankin da a lokacin ake kira Kudancin Zariya, inda 'yan mishan na SIM su ma suke nasu ƙoƙarin. 'Yan Sista na St. Louis, waɗanda suka sauka Kano a 1948, sun riƙe asibiti a Zonkwa, inda mata masu yawa na wannan yanki suka haihu.

To, Fada Bature mutum ɗaya ne, ƙauyuka kuwa barjat. Yakan zo ya yi Mas ya wuce, wani lokaci sai an yi makonni ba a sake ganinsa ba. Katikis ne yake jan sujada ran Lahadi, amma sauran kwana shida na mako a hannun uwa suke. Ita ce take tashin yara da asuba su durƙusa, ita ce take jan carbin Rosari da dare bayan an ci tuwo, musamman a watannin Mayu da Oktoba waɗanda Katolika suka keɓe domin girmama Maryamu. Galibinsu ba su taɓa zama a aji ba, amma sun haddace addu'o'i da tambayoyin katikisma da Hausa, alhali kuwa harshen Tyap ne na cikin gida. Da babban taron Vatican na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ya buɗe ƙofar yin Mas da harsunan jama'a maimakon Latin zalla, sai muryar waɗannan mata ta cika coci.

Ibadarsu ba ta tsaya a durƙuso ba. Uwar da ta ga amfanin boko a wurin Fada da Sista ta ɗaura ɗamarar sai 'ya'yanta sun yi karatu, maza da mata. Kuɗin makaranta daga gonar acca da dawa da gwaza suka fito, da itacen da ta sara a daji ta kai kasuwa, da kunu da ƙosai, da akuyar da aka sayar ana ji ana gani. Yau idan aka lissafa malaman makaranta da ma'aikatan jinya da hafsoshin soja da lauyoyin da wannan yanki ya haifar, za a tarar bayan kusan kowannensu akwai wata mace da ta yi shekaru da zane biyu rak.

Ita ma Ikilisiya ta girbi abin da suka shuka. Peter Yariyok Jatau, ɗan Kudancin Kaduna, ya zama Babban Bishop na Kaduna a 1975, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya hau wannan kujera. A watan Fabrairu na 1982 Paparoma John Paul na biyu ya zo Kaduna ya naɗa sababbin limamai. A 1995 aka kafa Dayosis ta Kafanchan, Joseph Danlami Bagobiri ya zama Bishop na farko har rasuwarsa a 2018, sannan Julius Yakubu Kundi ya gaje shi. Matthew Hassan Kukah, wanda ya zama Bishop na Sakkwato a 2011, ɗan Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf ne. Sunayen waɗannan manya suna cikin littattafai. Sunayen matan da suka share harabar coci, suka ɗebo ruwa da yashi a lokacin gini, suka tara hatsi domin ciyar da masu koyon aikin limanci, ba su cikin kowane littafi.

Babban makaminsu shi ne Zumuntar Mata Katolika. Wanda ya taɓa ganin su cikin ankon zanensu, suna buga tulu da ganga suna waƙa, zai zaci aikinsu ke nan. Alhali su ne masu zuwa gaida mara lafiya, masu yi wa mai jego hidima, masu kwana a gidan makoki, masu sasanta miji da mata tun magana ba ta kai gaban Fada ko dagaci ba. Tsintsiya ce mai maɗauri ɗaya.

Ba kuma cikin kwanciyar hankali kaɗai suka yi wannan aiki ba. Sun ga rikicin Kafanchan na 1987. Sun ga na Zangon Kataf na watannin Fabrairu da Mayu na 1992, wanda ya tashi a kan batun sauya wa kasuwa wuri, ya ci rayukan Atyap da Hausawa masu yawa, a nan kusa da ƙofarsu. A watan Satumba na 2023 'yan bindiga suka cinna wa gidan Fada wuta a Fadan Kamantan, wani matashi mai koyon aikin limanci, Na'aman Danlami, ya rasu a ciki. A kowane irin wannan tashin hankali, mata ne suke tattara marayu, Kirista da Musulmi duk haka abin yake. Waɗannan tsofaffi kuwa suna cikin ragowar mutanen da suka san zamanin da ake cin kasuwa ɗaya, ana aika wa maƙwabta abincin Kirsimeti, su kuma su aiko da naman Salla. Wannan sani ba ƙaramin jari ba ne ga ƙasar da take neman zaman lafiya.

Abin takaici shi ne yadda ake tunawa da su. Sau da yawa tsohuwar da ta yi shekaru a ɗaki mai yoyo, 'ya'ya suna Kaduna da Abuja da Legas, ita ce ranar jana'izarta ake kafa rumfuna, a yanka saniya, a ɗinka anko, a buga ɗan littafi mai hotuna wanda tarihinta a ciki bai wuce shafi ɗaya ba. Wani lokaci ma sai an ci bashi. Da an kashe rabin wannan kuɗi a kan maganinta da rufin ɗakinta tun tana da rai, da ya fi mata amfani.

Ikilisiyar Katolika kanta tana da misali a kan wannan. Ran 27 ga Agusta na kowace shekara tana tunawa da Monika, wata uwa 'yar Afirka ta Arewa, daga ƙasar da a yau ake kira Aljeriya, wadda ta rasu a shekara ta 387. Ba ta bar rubutu ko ɗaya ba. Duniya ta san ta ne domin ɗanta Agustin, babban malamin Ikilisiya, ya zauna ya rubuta labarin haƙurinta da addu'arta.

Saboda haka aiki ya rage ga 'ya'ya da jikoki, da shugabannin Zumuntar Mata, da limaman kowace coci. Yau kusan kowane saurayi yana da wayar da za ta ɗauki murya. Kamata ya yi a zauna da waɗanda suka rage, a tambaye su wanda ya yi musu baftisma, da yadda aka gina cocin farko na ƙauyensu, da waƙoƙin da suka rera, da yadda suka zauna da maƙwabtansu, a rubuta da Hausa da Tyap a ajiye. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai idan an adana ta.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba na raye lafiya, Ya kuma sa 'ya'yansu su saka musu tun suna iya cewa madalla.