Ɗan Jarida Da Asirin Soja: Darasi Daga Aikin Hanson Baldwin

A cikin watan Oktoba na shekarar 2025, wakilan manyan jaridu da gidajen talabijin na Amurka suka mayar da katunansu na shiga Ma'aikatar Tsaro, wato Pentagon, suka ƙi sa hannu a kan sababbin ƙa'idojin da Sakatare Pete Hegseth ya gindaya musu game da neman labarin da hukuma ba ta yarda a fitar ba. Wannan takaddama ba yau ta fara ba. Wanda duk yake son ya fahimci tushenta, sai ya dubi aikin Hanson Baldwin, editan harkokin soja na jaridar New York Times.

An haifi Baldwin a birnin Baltimore a 1903. Ya gama Kwalejin Sojan Ruwa ta Annapolis a 1924, ya yi shekara uku yana hafsa, sa'an nan ya tuɓe kaki ya kama aikin jarida. Ya shiga New York Times a 1929, aka ɗora shi kan harkokin soja a 1937, bai bar wannan fage ba sai da ya yi ritaya a 1968. Da yake ɗan gida ne, manyan hafsoshi sukan gaya masa abin da ba za su gaya wa wani ba.

Amfanin wannan kusanci ya bayyana a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1942 ya zaga fagen daga na tekun Pasifik, har tsibirin Guadalcanal. A watan Agusta na shekarar, Japan ta nutsar da manyan jiragen ruwa na yaƙi guda huɗu kusa da tsibirin Savo, uku na Amurka, ɗaya na Ostireliya, amma hukumar sojan ruwa ba ta sanar da asarar jiragenta ba sai a Oktoba. Da ya komo gida, Baldwin ya bayyana wa jama'a irin tsananin da sojojinsu ke ciki da kurakuran shugabanninsu. Wannan aiki ya jawo masa lambar yabo ta Pulitzer a 1943.

Bayan shekara ashirin sai ya yi karo da fadar shugaban ƙasa. A watan Yuli na 1962 ya buga labarin cewa Tarayyar Sobiyat tana ƙarfafa ma'ajin makamanta masu linzami da kankare, abin da ya nuna irin zurfin leƙen asirin Amurka. Shugaba John Kennedy ya fusata, 'yan sandan ciki na FBI suka shiga bincike, har aka riƙa sauraron wayar Baldwin a ɓoye. Abin lura a nan shi ne, hafsan da ya yi wa ƙasarsa aiki ma bai tsira ba ranar da alƙalaminsa ya taɓa abin da gwamnati ke ɓoyewa.

To, amma Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Da yaƙin Biyetnam ya yi zafi, Baldwin ya dubi al'amarin da idon janar-janar. A 1965 ya yi kira da a ƙara tura sojoji masu ɗimbin yawa, kuma bai ji daɗin rahotannin da abokin aikinsa Harrison Salisbury ya aiko daga Hanoi a ƙarshen 1966 ba, waɗanda suka nuna ɓarnar bama-baman Amurka a unguwannin farar hula. Faɗuwar Saigon a 1975 ta nuna cewa masu shakkar nasara ne suka hango daidai. Baldwin ya rasu a 1991.

Saboda haka, rigimar 2025 tana da fuska biyu. Gwamnatin da ta toshe wa 'yan jarida ƙofa tana hana kanta jin gaskiya irin wadda Baldwin ya faɗa a 1942, lokacin da gyara ke da amfani. Su kuma 'yan jarida, ya kamata su tuna cewa katin shiga ofishin soja ba shi ne 'yanci ba, domin wanda ya saba da shan inuwar hafsoshi yana iya wayar gari yana faɗin ra'ayinsu a matsayin labari. Iyayen da 'ya'yansu ke bakin daga su ne ke biyan kuɗin kowane ɗaya daga cikin kurakuran nan biyu.