Firinta ta ƙi tawada: An bar jaki ana dukan taiki

A ofisoshin Gwamnatin Tarayya akwai wani ɗan gajeren saƙo da kan fito a fuskar firinta, wanda ya fi takardar tuhuma saurin ɓata wa ƙaramin ma'aikaci rana. Saƙon cewa yake yi kwalbar tawadar da aka saka ba ta asali ba ce, ko an toshe ta, ko kuma na'urar ta kasa tantance ta. Daga nan firinta ta yi gum. Takardar da darakta ke jiran sa wa hannu ta maƙale a kwamfuta, idanu kuma su koma kan wanda ya ɗauko kwalbar daga sito, ko wanda aka aika Banex ya sayo ta. Ba a cika furta zargin ba, amma kowa ya san shi: an ba shi kuɗin ta asali, ya sayo jabu, ya soke canji.

Wani lokacin zargin gaskiya ne. Sau da yawa kuwa ba haka ba ne, kuma ya kamata masu sa hannu a takardun tuhuma su san dalili.

Galibin kwalaben tawada da na hodar tona na wannan zamani suna ɗauke da ɗan ƙaramin cif a jikinsu. Da zarar an saka kwalba, firinta kan tambayi cif ɗin ko wane ne shi, wa ya ƙera shi, don wane yanki na duniya aka yi shi, kuma shafi nawa ya riga ya buga. Firinta ba ta da hanyar ɗanɗana tawadar da ke ciki ta san mai kyau ce ko gurɓatacciya. Amsar cif kawai take saurare. Saboda haka idan ta ce ta kasa tantance kwalba, abin da take nufi shi ne ba ta gamsu da amsar da ta samu ba, kuma dalilan hakan suna da yawa, mafi yawansu babu ruwansu da amanar ma'aikaci.

Mafi sauƙinsu ƙura ce. Wanda ya san hunturun Abuja ya san yadda ƙura ke shiga ko'ina, kuma 'yan faranta masu launin tagulla da ke haɗa kwalba da firinta ba sa son datti. A kashe na'urar, a zare ta daga wuta, a goge farantan da busasshen ƙyalle mai laushi, a duba ko an cire ledar da ke manne a bakin sabuwar kwalba, a mayar da ita har ta zauna daram: wannan kaɗai kan kashe rigimar da ta kusa kai mutum gaban kwamitin ladabtarwa. Wasu saƙonnin kuma gargaɗi ne kurum, ana danna amincewa aiki ya ci gaba. A yawancin ƙananan firintocin Canon PIXMA, idan an sake cika kwalba na'urar ta dage cewa tawada ta ƙare, riƙe maɓallin tsayarwa na daƙiƙa biyar ko fiye yakan sa ta daina ƙidaya ta ci gaba da bugu.

Akwai kuma batun yanki, wanda ya fi cin masu sayen firinta ta hannu da aka shigo da ita daga Turai ko Amurka. Kamfanin HP, alal misali, yana sayar da kusan kwalba iri ɗaya da lamba 63 a Amurka, 302 a Turai, 123 a Afirka da Gabas ta Tsakiya. Firintar da ta fara rayuwa a Jamus za ta iya ƙin kwalba mai lamba 123 da aka saya fil a leda daga dillalin da kamfanin ya amince da shi, sai an nemi kamfanin ya sauya mata yanki. Ga kwalba ta asali, ga rasit, ga kuma na'ura tana ƙaryata mai gaskiya. Haka nan wasu firintocin kamfanin suna da wani tsarin kariya da ke ɗaure kwalba ga na'urar da aka fara saka ta a ciki, har idan aka aro ta daga ofishin da ke maƙwabtaka, kamar yadda aka saba yi a sakatariya idan abu ya ƙure, sai ta ƙi aiki. An yi tsarin ne don hana sata, amma mai aro yake kamawa.

Babban dalilin kuwa da gangan aka shirya shi. A shekarar 2016 HP ya fara amfani da wani tsari da ya kira Dynamic Security, wanda ke toshe kwalaben da cif ɗinsu ba na kamfanin ba ne. A watan Satumba na shekarar, firintocin OfficeJet masu yawa a ƙasashe daban-daban suka wayi gari sun ƙi kwalaben da suka daɗe suna aiki da su. Tun daga lokacin, sabunta manhajar firinta ta intanet ya zama hanyar da sabon makulli ke shigowa. Abin da ya yi aiki ranar Juma'a yana iya ƙin aiki ranar Litinin, alhali babu wanda ya taɓa komai. Sitokifan da ya karɓi katan goma na tona mai araha a watan jiya, ya gwada, ya ga tana bugu lafiya, ya sa hannu, ba shi da laifi idan a wannan watan na'urar ta sauya ra'ayi cikin dare.

Wasu ƙasashe ba su zuba ido ba. A 2018 HP ya amince ya biya diyya ga masu saye a Ostireliya bayan hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasar ta shiga maganar. A ƙarshen 2020 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci kamfanin tarar Yuro miliyan 10, saboda bai fito fili ya shaida wa masu saye irin wannan taƙaitawa ba. Kafin nan, a 2017, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin Lexmark da wani ƙaramin kamfani mai sake cika kwalabe, Impression Products, cewa da zarar an sayar da kwalba, mai ƙira ba zai iya fakewa da haƙƙin ƙirƙira ya hana a sake cika ta a sayar ba. Abin da ya fi tona asirin lamarin kuwa ya faru ne a farkon 2022, lokacin da duniya ta shiga ƙarancin cif. Kamfanin Canon ya rasa cif ɗin da zai maƙala wa wasu kwalaben tonarsa, firintocinsa suka fara yi wa kayan gidansu kallon baƙi, dole kamfanin da kansa ya wallafa wa jama'a yadda za su tsallake gargaɗin. Bugu ya ci gaba, babu abin da ya lalace.

Kamfanonin suna da hujjarsu, kuma ba duka ce ta banza ba. Jabu na nan, kuma a kasuwannin Najeriya ba ɓoyayye ba ne. Ɗan kwangilar da ya kawo wa ma'aikata tona ta bogi a kwali mai tambarin kamfani, ya karɓi kuɗin ta asali, ɓarawo ne, kuma gurɓatacciyar hoda kan zube a cikin na'ura ta jawo gyara mai tsada. A nan tantancewa na da amfani, kamar yadda tambarin tsaro da lambar da ake ɗauka da waya a jikin kwali ke da amfani. Sai dai akwai bambanci tsakanin kwalbar da ke ƙaryar ita ta HP ce, da wadda wani kamfani ya ƙera da sunansa ya rubuta cewa tana shiga HP, da kuma ta asali da aka sake cika ta. Ta farko zamba ce, sauran biyun ciniki ne na halal. Na'urar da ta sanar da mai ita gaskiyar abin da aka saka mata ta kyauta. Wadda ta ƙi aiki ɗungurungum ta zama mai gadin aljihun kamfani a cikin ofishin da ya saye ta da kuɗin jama'a. Shugaban HP na wancan lokacin, Enrique Lores, bai ɓoye manufar ba a wata hira da ya yi da tashar CNBC a Janairun 2024, inda ya nuna cewa burin kamfanin shi ne bugu ya koma abin da ake biya wata-wata.

Wanda ke ɗaukar nauyin wannan duka ba ya zama a Maitama. Yana zaune a Karmo, ko Gwagwa, ko Dei-Dei, yana fitowa da duku-duku ya biyo ta Life Camp da Jabi kafin ya iso sakatariya. Shi ne akawu, ko mai buga takardu, ko mataimaki na musamman da sunan muƙaminsa ya fi albashinsa nauyi. Idan firinta ta ƙi, kuɗin gudanarwa bai fito ba, oga kuma ya ce gobe da safe yana son takardar a kan teburinsa, hanya ɗaya ce ta rage: a kwafi fayil a filas, a bi da shi shagon buga takardu na unguwa bayan magariba, a biya daga aljihu, a yi fatan za a mayar. Tun da aka saki Naira a Yunin 2023, Dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kowace kwalba da ake shigowa da ita ta bi sahu. Ga mutumin da albashinsa bai yi wa mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 nisa ba, shafi arba'in a shago kuɗin motar kwana da kwanaki ne.

Abin lura shi ne, shagunan Karmo ba su cika faɗawa wannan tarko ba. Mai shago da kuɗinsa ya sayi na'ura, don haka sai da ya yi lissafin kuɗin kowane shafi kafin ya taya. Shi ya sa ake yawan ganin tsofaffin LaserJet irin su P1102 masu cin tona 85A a kan teburansu, waɗanda ake cika su a sake cikawa, ko kuma firintoci masu tanki da ake ɗura wa tawada daga gora. Ba ya haɗa firintarsa da intanet ba gaira ba dalili. Ya kuma san abin da kamfanin da kansa ya amince da shi, cewa kwalbar asali da aka sake cikawa aka bar mata cif ɗinta ba a toshe ta, don haka ba ya yar da fanko. A ofishin gwamnati kuwa fankon kan ƙare a kwandon shara, ko a hannun mai shara, daga nan ya zagayo ya dawo cikin sabon kwali. Yaron shago a Karmo ya fi kwamitin sayayya na wasu ma'aikatu sanin tattalin bugu, kuma ba a taɓa kai shi taron bita a otal ba.

Ba kuɗi kaɗai ake asara ba. Kwamfutar shago ba ta rantsar da kowa kan riƙe sirri. Takardar ƙarin girma, ko daftarin kasafi, ko wasiƙar da aka rubuta wa "sirri" a kai, da zarar an buɗe ta a can, kwafinta na iya zama a na'urar har sai ranar da wani ya ga dama ya goge. A farkon 2024 Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya ya fitar da takardar gargaɗi kan yadda takardun gwamnati ke tsiyaya zuwa shafukan sada zumunta, Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 kuma tana nan daram. Amma wanda ya gargaɗi ma'aikaci kan fitar da takarda, ya kuma bar shi da firintar da ba ta bugu da umarnin da ba ya jira, ya san inda takardar za ta kwana.

Gyaran na teburin sayayya ne. Dokar Sayen Kayayyakin Gwamnati ta 2007 ta ɗora wa hukumomi neman abin da ya dace da kuɗin da aka kashe, kuma farashin firinta ranar saye ɗan ƙaramin kaso ne na abin da za ta ci a shekara biyar. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Hukumar BPP na iya wajabta cewa duk mai neman kwangilar kawo firinta ya rubuta kuɗin buga shafi ɗaya, ya bayyana ko na'urar na toshe kwalaben wasu kamfanoni, ko tana buƙatar rajistar biyan wata-wata, ya kuma tabbatar da cewa ta yankin Afirka ce. Sashen kwamfuta na kowace ma'aikata ya kashe sabunta manhaja na kai-tsaye, ya riƙa yi da hannunsa bayan ya gwada a na'ura ɗaya, domin akwai sabuntawar da ke toshe ƙofar masu kutse wadda bai kamata a yi watsi da ita ba. A riƙa gwada tona ranar da aka kawo ta, a gaban ɗan kwangila, a rubuta sakamakon, yadda idan ta ƙi daga baya za a san ba daga sito matsalar ta taso ba. Idan ma'aikata ta zaɓi sake cika kwalabe don tsimi, ta yi shi a rubuce da farashinsa na gaskiya, maimakon a riƙa yi a ɓoye ana rubuta kuɗin sabuwa. Hukumar FCCPC kuma, wadda dokar 2018 ta ba ikon kare haƙƙin mai saye na sanin abin da yake saye, ba ta buƙatar sabuwar doka kafin ta tambayi dillalan firinta a Abuja da Ikeja me suke shaida wa mutane kafin su karɓi kuɗinsu.

Za a ce duk wannan ya kusa zama tarihi, tunda Shugabar Ma'aikata, Didi Esther Walson-Jack, ta sa 31 ga Disamba 2025 a matsayin wa'adin komawar ma'aikatu aiki ba da takarda ba. Manufa ce mai kyau, kuma za ta rage bugu. Amma mai ritaya da ke bin haƙƙinsa, da ɗan kwangilar da ke neman takardar shaida, da kotun da ke son kwafi mai hatimi, duk takarda za su ci gaba da nema. Ƙarancin bugu ma na da nasa ciwon: firintar tawada da ta yi makonni ba a taɓa ta ba bakin kwalbarta kan bushe, ranar da aka buƙace ta kuma ta fito da wani saƙon.