Tafkin Walden: Amanar da Kotu ta Ƙwato

A gefen garin Concord na jihar Massachusetts ta Amurka akwai wani ɗan tafki mai suna Walden, wanda faɗinsa bai wuce eka 65 ba, amma zurfinsa ya kai ƙafa 102. Babu rafin da ke shiga cikinsa ko fita daga gare shi, ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa ne ke cika shi. A bakinsa ne marubuci Henry David Thoreau ya gina 'yar bukka a shekarar 1845, ya zauna shekara biyu da wata biyu, sannan ya wallafa littafinsa mai suna Walden a 1854.

Wasu na ganin shaharar wannan littafi ce ta kare tafkin. Ni kuwa a ganina ba haka ba ne, domin shahara ba ta hana ɓarna. A 1922 iyalai uku, na Emerson da Forbes da Heywood, suka sadaukar da filayen da ke kewaye da tafkin ga jihar, bisa sharaɗi rubutacce cewa za a kiyaye gaɓarsa da dajinsa domin amfanin jama'a. Amma a 1957 hukumar yankin da aka danƙa wa amanar ita ce ta kawo katafila, ta sare itatuwa, ta baje gangaren domin faɗaɗa wurin wanka. Da ma Hausawa sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai gadin ne ya zama abin tsoro saboda an sakar masa.

Sai dai mutanen yankin ba su tsaya ga gunaguni ba. Sun ɗauki takardar sadaukarwar sun garzaya kotu, kuma a 1960 babbar kotun jihar ta yanke cewa sharaɗin nan amana ce da ta hau kan hukuma, dole ta dakatar da aikin. A yau wurin gandun shaƙatawa ne na jiha, inda ake iyo da kamun kifi, kuma ana rufe ƙofa idan baƙi suka yi yawa domin kada a tattake gaɓar.

Mu da muke kallo ana cike kududdufan biranenmu ana yanka filaye, ya kamata mu lura da abin da ya yi aiki a can: rubutaccen sharaɗi, da mutanen da suka san da shi, da kotun da ta tilasta bin sa. Idan ɗaya ya ɓace, sauran biyun ba su da amfani. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana.