Ashe Sunan Nightingale Ma Tare Da Gado Aka Karɓe Shi

Ranar Talatar da ta wuce ina aikin dare, wajen ƙarfe biyu majinyata sun samu barci, sai wata ɗalibar jinya da aka turo mana koyon aiki ta dube ni ta ce, "Anti, wai mece ce ma'anar Nightingale?" Babu nas ɗin da ba ta san Florence Nightingale ba. Da tarihinta ake fara mana karatu, kuma ranar haihuwarta, 12 ga Mayu, ita ce ranar ma'aikatan jinya ta duniya. Amma ban taɓa tsayawa na tambayi inda sunan ya samo asali ba. Na ce mata ta ba ni kwana biyu. Ga abin da na samo.

Nightingale sunan wani ɗan tsuntsu ne mai ruwan ƙasa, wanda namijinsa ke rera kuka mai daɗi cikin dare. A tsohon Turanci kalmar tana nufin mai waƙar dare. Tsuntsun ma ba baƙonmu ba ne, domin in sanyi ya matso a Turai yakan yi ƙaura zuwa Afirka, har da Afirka ta Yamma. Masana sunaye sun ce laƙabi ne da akan yi wa mutum mai zaƙin murya, kamar yadda mu ma muke kiran mawaƙiya zabiya ko mu ce wa wani Kanari. A hankali laƙabin ya manne wa 'ya'ya da jikoki, ko da kuwa ba su iya waƙar ba.

Da can mutanen Ingila suna ɗaya suke da shi. Bayan da Normawa suka ci ƙasar da yaƙi a 1066, manyan masu filaye suka fara kiran kansu da sunayen gidajensu da garuruwansu. Talakawa sun biyo baya sannu a hankali, har zuwa wajen 1400 yawancin iyalai sun samu sunan da ake gada. Haraji da rubutu sun taimaka. Mai karɓar haraji yana son ya bambanta John na bakin rafi da John maƙeri. A 1538 kuma, zamanin Sarki Henry na Takwas, aka umarci kowace majami'a ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza, sai sunayen suka ƙara zama daram a takarda.

Hanyoyi huɗu ne manya. Akwai sana'a: Smith maƙeri ne, kuma shi ne sunan da ya fi yawa a Ingila, Taylor tela, Baker mai gasa burodi. Akwai wurin zama: Hill na kan tudu, Wood na bakin daji. Akwai sunan uba: Johnson ɗan John. Sai laƙabi, irin su Short, wato gajere, da Nightingale ɗinmu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mahaifin Florence ba a haife shi da wannan suna ba. Sunansa William Edward Shore, ɗan wani mai banki a garin Sheffield. Kawun mahaifiyarsa, Peter Nightingale, attajiri ne a yankin Derbyshire da ya yi arziki da harkar darma da masaƙar auduga. Ya rasu a 1803 ya bar wa yaron dukiyarsa. Da William ya cika shekara 21 a 1815, ya karɓi gadon, ya ajiye Shore ya ɗauki Nightingale. Bayan shekara biyar, a 1820, aka haifa masa 'ya a birnin Florence na Italiya, aka raɗa mata sunan garin. Wato sunanta na yanka na gari ne, na biyun kuma tare da gado ya zo. Da ba don haka ba, da yau Florence Shore muke karantawa a aji.

Sauran labarin kun sani. A 1854 ta jagoranci mata 38 zuwa asibitin soja na Scutari, a Istanbul ta yau, lokacin yaƙin Kirimiya. A 1860 ta buɗe makarantar jinya a asibitin St Thomas da ke Landan. Ta rasu a 1910 tana da shekara 90, ba ta yi aure ba. Mahaifinta bai bar ɗa namiji ba, don haka dukiyar ta koma wajen 'yar'uwarsa, daga baya ga ɗanta, shi ma ya ƙara Nightingale a sunansa. Amma ba gidan ne ya raya sunan ba, aikin Florence ne.

Me ya shafe mu? Mu tsarinmu daban ne. Mutum da sunan ubansa ake kiransa, wani lokaci a haɗa da na gari, kamar Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Duk tsara sunan yana canjawa, kuma babu laifi a cikin haka. Sai dai fom ɗin da muke cikawa a asibiti da banki da makaranta a kan tsarin Ingila aka zana shi, yana neman suna guda da ba ya motsi.

Na ga illar rashin kula da idona. Na taɓa samun mata biyu a ɗaki ɗaya, sunansu ɗaya, sunan ubansu ɗaya. Ɗaya mai ciwon suga ce, ɗayar hawan jini. Na zuƙo allurar insulin na nufi gadon da ba shi ba. Allah ya sa na tsaya na duba lambar kati. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Na kuma ga yarinyar da takardar haihuwarta ke ɗauke da sunan kaka, ta firamare sunan uba, katin ɗan ƙasa kuma sunan gari. Lokacin rajistar jarrabawar shiga jami'a sai da uban ya yi ta zirga-zirgar takardar rantsuwa a kotu.

Shawarata ga iyaye ita ce, tun ranar suna ku zauna ku tsayar da yadda za a rubuta cikakken sunan jariri, da jerinsa da haruffansa, ku riƙe shi haka a kowace takarda. Muhammad da Mohammed ba ɗaya ba ne a wajen kwamfuta. In kun zo asibiti kuma nas ta sake tambayar suna da shekaru har sau uku, kada ku ji haushi, kare ku take yi.

Ɗalibata ta samu amsarta. Ku kuma fa? Sunan uba kuke sa wa yaranku a takarda, ko na kaka, ko na gari? Ku bar mana amsa a ƙasa, zan karanta in sha Allahu.