Adon Manyan Gidajen Cin Abinci a Abuja: Ina Namu a Ciki?

Duk wanda ya shiga manyan gidajen cin abinci na Maitama ko Wuse II da daddare, abin da zai fara tarbarsa shi ne sanyin na'ura, da ƙamshin turare, da fitilun ƙarau masu lilo daga rufi, da daɓen marmara mai ɗaukar ido. Sau da yawa kujerun daga Turkiyya suke, labulen daga Dubai, hotunan bango kuwa na titunan Turai ne. Baƙo zai ci ya sha ya tashi bai ga alamar cewa a Najeriya yake ba.

Wannan abin takaici ne a yankin da ya haifi Ladi Kwali, gwanar ginin tukwanen da hotonta ke bayan takardar Naira 20. Har yau marinar Ƙofar Mata a Kano tana fitar da shuɗin yadi, maƙeran Bida na sarrafa tagulla, masu saƙar faifai da tabarma kuma na neman kasuwa ido rufe.

Kowace kujera da aka shigo da ita, dala ce ta fita alhali Naira na jin jiki, kuma aiki ne ya kuɓuce wa kafintan Kugbo, nan bakin hanyar Keffi.

Muna kira ga masu waɗannan gidaje da masu tsara musu ado da su ware wani kaso na kuɗin ƙawa domin masu sana'ar gida, a kan farashi na adalci, ba tayin wulaƙanci ba. Su ma masu sana'ar wajibi ne su inganta aiki, su riƙa cika alkawari a kan lokaci, domin saɓa alkawari na daga cikin abubuwan da ke tura mai saye ƙetare.