Wa Ya Auna Wannan Lamba?

A Amurka da wasu ƙasashen Turai akwai maharba da 'yan wasan harbi waɗanda ba sa yar da kwanson harsashi bayan sun harba. Sukan tsince shi, su sake zuba masa albarushi, su ɗora sabuwar dalma. A Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta haramta wa mutum yin haka a gida, saboda haka ba sana'ar ce ta dame mu ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne tambayar da ke gaban kowane ɗayansu, wadda kuma ta shafi duk ɗalibin kimiyya: wane littafi zai amince da lambobinsa?

Maganar ba ta wasa ba ce. Ƙungiyar SAAMI ta masu ƙera makamai a Amurka, wadda aka kafa a 1926, ta ƙayyade cewa matsin da ke cikin harsashi samfurin .308 Winchester kada ya wuce fam 62,000 a kan kowane inci murabba'i. Tayar ƙaramar mota kuwa ba ta wuce fam talatin da 'yan kai ba. Wato kusan ninki dubu biyu ke nan, kuma dab da fuskar mai harbi. Ma'aunin albarushin, da ake kira giren, bai wuce giram 0.065 ba. Wani abin lura shi ne, matsi ba ya hawa daidai da ƙarin albarushi, domin yawan matsi yana sa albarushi saurin ƙonewa, saurin ƙonewa kuma yana ƙara matsi. Ɗan ƙari kaɗan sai ya fasa bindiga.

A ganinmu, littafin da ya cancanci amincewa shi ne wanda ya faɗi wanda ya yi awon, da na'urar da aka yi shi, da shekarar da aka yi. Kamfanoni irin su Hodgdon da Lyman da Hornady da Speer suna harba gwaji a bututu na musamman mai ɗauke da ma'aunin matsi, sa'an nan su rubuta irin kwanson, da nauyin dalmar, da tsawon bututun. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya canza, lambar ta tashi daga aiki.

Shekarar bugu ma tana da muhimmanci. A da, ana auna matsi ne ta hanyar sa ɗan guntun jan ƙarfe a jikin bututu, a duba yadda harbi ya motsa shi ya gajarta. Daga baya aka koma ga na'urar lantarki mai aiki da wani irin dutse da ke fitar da lantarki idan an matsa shi, abin da Pierre Curie da ɗan'uwansa Jacques suka gano a 1880. Sabuwar na'urar tana nuna hawa da saukar matsi tun daga farko har ƙarshe, shi ya sa aka rage wasu lambobin tsofaffin littattafai. Lambobin hanyoyin biyu kuma ba a musanya su kai tsaye. Har suna yana iya yaudara: IMR 4350 da H4350 albarushi ne iri biyu daban, ko da yake lambarsu ɗaya.

Wani zai ce, to ina matsayin dattijon da ya shekara talatin yana wannan aiki bindigarsa ba ta taɓa fashewa ba? Muna girmama shi, amma rashin fashewa ba awo ba ne. Ƙarfe yakan jure matsin da ya wuce ƙima sau ɗaruruwa kafin ya gaji, kuma ido ba ya ganin wannan gajiya. Ko littattafan kamfanoni ba su tsira daga kuskuren ɗab'i ba, don haka masu hattara sukan ajiye aƙalla guda biyu su gwada, idan suka ga tazara mai yawa sai su rubuta wa kamfanin kafin su taɓa ma'auni.