Ra'ayinmu: A Sa Tsara Shafi da Zane a Darasin Rubutu na Kwalejojin Ilimi

Duk wanda ya yi karatun NCE a cikinmu ya san darussan gama-gari da ake wajabta wa kowane ɗalibi, inda ake koyar da insha'i da rubutun wasiƙa da taƙaita labari da nahawu. Darussa ne masu amfani, ba ma musun haka. Sai dai malamin firamare, da zarar ya kama aiki, mafi yawan rubutunsa a kan allo yake, da kwalin da ake liƙawa a bango, da takardar sakamakon jarrabawa, da sanarwar da ake aika wa iyaye. Irin wannan rubutu, tsarinsa ne ke fara kama ido, kuma idan tsarin ya lalace, saƙon ya tafi a banza komai kyawun nahawunsa.

Mu da muke tsayawa gaban aji mai cunkoso mun san wanda ke ɗanɗana kuɗar wannan giɓi. Yaron da ke layin baya, wanda haruffa suka yi masa ƙanana, shi zai kwafi kuskure ya kai gida. Allon da aka cika daga sama har ƙasa, ba kanu ba tazara, yakan sa ɗan aji biyu ya rasa inda zai fara. Ga kuma haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. Malamin da bai iya fito da su a kwamfuta ba, ko ya zaɓi salon harafin da ba ya ɗauke da su, zai mayar da baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa, a takardar da yara za su koyi karatu da ita.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Alarammominmu da ke rubuta Alƙur'ani da hannu sun daɗe suna sa baƙar tawada ga baƙaƙe, ja ga wasulla, su kuma yi zayyana a gefen shafi don nuna hizifi da sumuni, yadda mai karatu zai gane inda yake da kallo ɗaya.

Mun san kwalejoji suna da darasin fasahar koyarwa, inda ɗalibai ke haɗa kayan koyarwa. Matsalar ita ce an raba shi da darasin rubutu, har ɗalibi ya ɗauka zane ado ne da ake yi don neman maki. Saboda haka muna kira ga Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa, NCCE, wadda aka kafa a 1989 kuma ita ce ke tsara manhajar NCE, da ta haɗa su wuri guda. Ɗalibin da ya rubuta insha'i a kan wanke hannu, a sa shi ya mayar da shi kwali guda mai hoto da kalmomi kaɗan, a liƙa a bango, a tsaya a ƙarshen ɗaki a gwada karantawa. A sa shi ya tsara sanarwar komawa makaranta wadda uban da bai yi boko sosai ba zai ga ranar da lokacin nan take, a takarda ko a WhatsApp. Masu duba koyarwar gwaji kuma su riƙa ba da maki ga tsarin allo.

Kafin hakan ta tabbata, muna ba reshenmu shawara ya shirya bita, inda 'yan'uwanmu masu kyawun hannu za su nuna wa saura. Hukumomin ilimi na ƙananan hukumomi kuwa su samar da kwali da alli mai launi, domin bai kamata malami ya ci gaba da saye daga albashinsa ba. Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma yaranmu sun cancanci su ga abin da muke koya musu. Allah Ya taimaki malamai.